Danshin Ƙarƙashin Kafet

A ƙarshen layin masu gyaran mota, inda kwata ta raba gareji da shagon mai walda, akwai wani bakanike da kowa ke kira Kallo-Ɗaya. Ba a banza ya samu sunan ba. Mota za ta shigo tana tari, ya ɗaga bonet, ya dube ta sau ɗaya, ya faɗi ciwonta, kuma sau da yawa yakan dace. Allah ya ba shi hannu, wannan ba mai musu. Sai dai yabo ya shiga kansa ya yi masa yawa. Har ta kai ba ya tambayar mai mota komai, in kuwa mutum ya fara bayani sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Kawo ta ka yi, ko kai za ka gyara ta?" A ganinsa, durƙusawa a leƙa lungun mota aikin wanda bai iya ba ne.

Yana da yaya mace guda ɗaya, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Har furfura ta fito masa a gemu ba ta daina kiransa Auta ba. Mijinta tela ne, mutum mai barkwanci, amma ciwon ƙoda ya raba shi da keken ɗinki. Sau biyu a mako sai an kai shi wankin ƙoda a babban asibitin wani gari, tafiyar awa biyu, ga shi ba ya iya zaman motar haya. Abin da ke kai shi wata tsohuwar mota ce mai ruwan toka, wadda ya saya tun yana da ƙarfinsa. Saboda wannan lalura Yaya ta koyi tuƙi da girmanta. In motar ta tashi, Tela ya samu wanki. In ta ƙi, jikinsa ya kumbura, numfashi ya gagare shi.

Wata safiya Yaya ta shigo garejin da motar, Tela na zaune a gaba.

"Auta, motar nan shan ruwa take yi," in ji ta. "Kullum na buɗe lagireto sai na tarar ruwan ya ragu. Ban ga yana ɗiga a ƙasa ba, amma kafet ɗin da ke ƙarƙashin ƙafar yayanka kullum a jiƙe yake. Kuma akwai wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, da safe gilashi yana yin gumi ta ciki."

Kallo-Ɗaya ya yi dariya. "Yaya ke nan! Lagireto yana gaba, ke kina neman ciwonsa a ƙarƙashin kujera. Gorar ruwan da kike ajiyewa ce ke zuba."

"Gorata a baya nake ajiye ta."

Tela ya leƙo ta taga ya ce, "Ka duba dai, ƙanina. Kada yayarka ta fara zargin ni ne nake aika-aika a zaune."

Aka yi dariya, maganar ta bi iska. Kallo-Ɗaya ya ɗaga bonet, ya hango wani farin tabo a kusurwar lagireton, ya nuna shi da sifana. "Ga ɓarawon nan." Ko ƙofar motar bai buɗe ba.

Ya kwance lagireton ya kai wa wani dattijo mai gyaran lagireto da ke tsallaken kwata, wanda aikinsa ke nan tun kafin a haifi rabin mutanen layin. Dattijon ya toshe bakunan lagireton, ya hura masa iska, ya nutsa shi a cikin kwarmin ruwa. Ya jira, ya juya shi, ya sake jira. Ko kumfa ɗaya bai taso ba.

"Wannan lafiyarsa lau," in ji dattijon. "Tabon nan tsoho ne. Me mai motar ya ce?"

"Yayata ce. Wai kafet ne ke jiƙewa."

Dattijon ya ɗago kai. "To ai ta gama maka aikin. Tsofaffin motocin nan suna da wani ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod, na ɗumama cikin mota. Ko ba a kunna shi, ruwa na bi ta cikinsa. In ya tsufa ya ci tsatsa, ciki yake zubarwa. Je ka ɗaga kafet ɗin ka shinshina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Kallo-Ɗaya ya san da wannan ɗan lagireto sarai. A ransa ma sai da wani abu ya ce masa dattijon ya yi gaskiya. Amma ya riga ya nuna tabo da sifana a gaban jama'a, ya riga ya yi wa Yaya dariya. Ya koma yanzu ya durƙusa yana shinshina kafet, a ce mace mai koyon tuƙi ta riga shi gano ciwo? Sai ya haɗe rai ya ce, "Baba, liƙe min kusurwar nan kawai. Ni na san abin da na gani."

Dattijon ya liƙe wurin da ba ya yoyo, ya miƙa masa.

Bayan mako guda Yaya ta dawo. Ruwa na nan yana raguwa, kafet na nan a jiƙe. Kallo-Ɗaya ya canza tiyon sama, ya canza murfin lagireto, ya ce yanzu kam an gama. Da ta sake dawowa karo na uku da maganar kafet, sai ransa ya ɓaci, domin akwai direbobi zaune a kan benci suna ji.

"Yaya, ke ce ke jawo wannan matsalar," ya ce da ƙarfi. "Kullum kina buɗe murfi kina cika shi har baki, dole ya amayar da rarar. Daga yau kada ki ƙara taɓa shi. Ki dinga kallon allurar zafi kawai. In ba ta hau ba, ba ruwanki."

Ta dube shi na ɗan lokaci. "Ka tabbata, Auta? Ka san abin da motar nan take ɗauka."

"Shekara nawa ina wannan aikin?"

Ta ja motarta ta tafi. Ta yarda da shi, don ba ta taɓa kawowa a ranta cewa yaron da ta goya zai faɗa mata abin da bai tabbatar ba. Wannan cikawar ta kowace safiya ita ce kaɗai ke riƙe da injin, ita ce kuma ya hana ta.

Kwana tara bayan nan, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce. Sun yi rabin hanya, a kan wani dogon hawa, injin ya fara ƙwanƙwasa, ya yi wari, ya mutu. Allurar ba ta hau ba sai a ƙarshe, domin in ruwa ya ƙare ƙaf ba abin da za ta auna. Wurin ba gida ba inuwa, motocin da ke wucewa duk a cike suke.

Kafin ya samo mota ya isa, sun yi awa uku a rana. Ya tarar da Tela a kishingiɗe a kujerar baya, ƙafafunsa sun kumbura, yana jan numfashi da ƙyar, Yaya na yi masa fifita da kwali. Ko a haka sai da Tela ya buɗe ido ya ce, "Likitan mota ya iso." Ba wanda ya iya dariya.

Da suka isa asibiti lokacin wankinsa ya wuce, an ɗora wani a kan na'urar wankin, sai da aka jira ta samu sarari. A ranar aka ba shi gado.

Washegari janwe ya kawo motar gareji. Kallo-Ɗaya ya jira har mutane suka ragu, sannan ya buɗe ƙofar gaba, ya durƙusa, ya ɗaga kafet. Soson da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf, ƙarfen ya yi tsatsa, ga sawun ruwa ya gangaro daga bayan dashbod. Ya san gyaran. Tiyo biyu ne za a cire a haɗa bakinsu, ruwa ya daina bi ta ɗan lagireton. Aikin da bai kai a sha shayi a tashi ba. Yanzu kuwa kan injin ya lanƙwashe, ruwa ya gauraye da baƙin mai, injin ya tashi daga aiki. Ya daɗe a durƙushe a wurin, kunya da baƙin ciki sun hana shi miƙewa.

Tela bai sake komawa gida ba. Da ma ya daɗe yana jin jiki, wahalar wannan rana ta ƙarasa raunana shi. Ya yi kwana goma sha biyu a gadon asibiti, Allah ya yi masa rasuwa. Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa. Yaya ma haka ta ce. Ba ta taɓa ɗaga wa ƙaninta murya ba, ba ta faɗa wa kowa abin da ya faru tsakaninsu ba. Shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya nemo wani injin, ya ɗora wa motar da hannunsa. Ya canza ɗan lagireton, ya bi kowane tiyo yana matsawa, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta kwana biyu don ya ga ko digo ɗaya zai sauka. Bai taɓa yi wa wata mota irin wannan aikin ba. Da ya kammala ya wanke ta, ya tuƙa ta zuwa gidan Yaya. Ya same ta a tsakar gida tana ninke kayan mamacin. Ya durƙusa ya ajiye makulli a gabanta.

"Yaya, na gyara ta. Inda kika faɗa ne. Tun ranar farko inda kika faɗa ne."

Ta dubi makullin, ba ta taɓa shi ba. Ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta.

"Na yafe maka, Auta," ta ce a hankali. "Amma ka tafi da ita. Wa zan ɗauka a cikinta?"

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta ba ta hana mutum sauraro. Wanda ke tare da abu kullum yana ganin abin da gwani ba zai gani da kallo ɗaya ba, ko da bai san sunan abin ba. Idan an kawo maka aiki, ka tambaya, ka duba, ka gwada kafin ka yanke hukunci. Idan kuma ka gane ka yi kuskure, ka janye maganarka tun da sauran lokaci, domin kunyar minti ɗaya ta fi nadamar da ba ta da magani. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai rawanin ne ke fara shan wahalarsa ba, wanda ya amince da shi ne.