Rina a Kwalbar Aidin

Dalilin da ya sa aidin yake da zafi, ku matso ku ji, ba laifin maganin ba ne. Laifin Barmo ne.

A da can, aidin sanyi ne da shi kamar ruwan randa. Sai wani manomi Barmo ya sari ƙaurinsa da fartanya. Ciwo ya ruɓe, yana ruwa, ƙuda na binsa har masallaci. Matarsa Tabawa ta samo aidin ta ɗiga masa.

Barmo ya jira zafi. Bai ji komai ba.

"Ke, wannan ai ruwan lalle ne! Maganin da bai sa ƙato ihu ba, me zai warkar?"

Ya ture kwalbar, ya cusa wa ciwon toka da kashin shanu. Kwana uku ƙafa ta yi suntum. Wanzami ya duba ya ce in Juma'a ta zo a haka, sai dai a yanke ta.

Tabawa ta rasa yadda za ta yi da wannan taurin kai. Tana bayan rumbu tana share hawaye, sai ga rina tana ta shawagi, an rushe mata gida.

Tabawa ta ce, "Baiwar Allah, ɗan tsoma min harbinki a kwalbar nan."

"Ni me zan samu?"

"Ƙarƙashin rufin ɗakina. Ki yi gini, ba mai korarki."

Rina ta tsoma, har da ƙari, don ita ma tana da haushin Barmo. Shi ya rushe gidan.

Tabawa ta koma da fuskar tausayi. "Malam, ga wani na samo. Amma an ce na maza ne, ban sani ba ko za ka iya."

"Ni? Zuba!"

Ta zuba. Barmo ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya kira uwarsa da ta rasu shekara ashirin, kaji suka watse. Da ya dawo hayyacinsa, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Yauwa! Wannan shi ne magani."

Kullum sai a wanke ciwon, a zuba, ya yi ihu. Juma'a ta zo, da ƙafarsa ya taka zuwa masallaci, wanzami ya mayar da askarsa.

Shi ya sa har yau aidin yake harbi, rina kuma take gini a rufin mutane ba ta neman izini. To, kai mai ɓoye gwiwa mai ciwo a bayan riga, na gan ka. Miƙo ta nan in ɗiga maka aidin, ɗan nema. Ihun kuma ka yi wa Barmo.