Haladu Duba-gari da Rijiyar Bakin Kasuwa

Kai, ku ajiye wayoyin nan ku matso! Yau sai na ga mai raba wannan gardama, don ni duk da furfurata, ta gagare ni.

A Kwarin Gawo aka yi wani duba-gari, Haladu, mai zafin nama. Wata damina amai da gudawa ya ɓarke, cikin kwana biyu aka binne yara huɗu. Haladu ya bi sawu, ya ga duk gidan da aka kwanta ruwan rijiyar bakin kasuwa suke sha, ta Alhaji Sambo mai 'yan garuwa. Hankalinsa ya tashi, ya antaya mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya garƙame murfin da kwaɗo. Wayyo, garaje! Ƙa'idar aikinsu, sai ka ɗebi ruwan gwaji tukuna, sannan ka zuba magani. Ya kashe shaidarsa da hannunsa.

Alhaji ya kai ƙara gaban kwamitin ladabtar da ma'aikata. "A gwada ruwana! In an ga cuta, a ɗaure ni!" Aka gwada, ruwa tas. Kwamiti ya ce ranar Litinin za a kori Haladu a buɗe rijiya. Alhali maganin ba ya daɗewa, kuma masai ne ke tsiyaya cikinta. In aka buɗe, gari zai koma shan ajalinsa.

Haladu ya ruga ofishin ƙungiyarsu ta ma'aikatan lafiya yana hawaye. Mutum uku suka miƙe.

Na farko Baba Lurwanu, sakataren ƙungiya, tsoho mai taurin kai. Ya shiga gaban kwamiti da littafin dokar aiki, ya karanta musu inda aka ce ba a korar ma'aikaci sai ƙungiyarsa ta kawo tata shaidar. Suka ba shi kwana uku da ƙyar. 'Yan garuwa suka zo da guduma za su fasa kwaɗon, suka tarar da shi ya shimfiɗa tabarma kan murfin rijiyar. Ya ce, "Bismillah, 'ya'yana, ku fara da ni." Kwana ukun nan a nan ya yi su, ruwa na dukansa.

Na biyu Isyaku, mai allurar rigakafi, wanda ya san kowane zaure a garin. Shi ya ce, "Rijiya ta sha magani, amma randuna fa?" Ya bi gida-gida, sittin da wani abu, kowa ya ce ya shanye ko ya zubar. Sai a ɗakin wata tsohuwa da aka kwantar a asibiti ya iske tulu a rufe, wanda aka cika da ruwan rijiyar tun kafin a zuba maganin. Ya kira mai unguwa ya shaida, ya ɗeba a kwalba. Ku ga tsalle, sai ka ce ya tsinci zinare!

Na uku Jafaru, mai kai alluran ƙauyuka a babur. Ruwan gwaji in ya wuce awa shida a kwalba ya tashi daga aiki, ga kogi ya cinye gada. Jafaru ya jefar da babur a gaɓa, ya ɗora akwatin ƙanƙarar da kwalbar ke ciki a ka, ya faɗa ruwa har wuya. Sau biyu igiyar ruwa ta kwashe shi, bai saki akwatin ba. Ya tsallaka, ya hau bayan motar shanu, ya shiga ɗakin gwaji na birni jina-jina, ƙafa ba takalmi.

Sakamako ya iso ana shirin sa hannu a takardar kora. Cuta ce fal! Aka cike rijiyar da ƙasa, Haladu ya koma bakin aikinsa, mata suka yi ta guɗa har tasha. Daga ranar ba a sake binne yaro ba.

Bayan mako biyu matar Haladu ta haifi namiji. Ya rantse sunan ɗaya daga cikin ukun nan zai sa masa, ga shi yaro ba ya cin suna uku. Rago na ɗaure, liman ya zauna, jama'a sun hallara.

To, ku faɗa mini: Lurwanu, Isyaku ko Jafaru, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?