Tasalla Mai Lissafi a Bakin Turmi

Ku matso, ku gyara zama. Kai Nomau, sakar wa ƙanwarka kunne. To, ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata yarinya ce wai ita Tasalla, 'yar aji uku. Gwaggonta ce ta koya mata lissafin sau, kuma a bakin turmi ta koya mata. Taɓarya ta sauka, dum, "Biyu sau ɗaya biyu." A cilla ta sama, a tafa, ta sauka, dum, "Biyu sau biyu huɗu." Kafin gero ya yi laushi sun kai gidan tara. Har kajin gidan sun kusa haddacewa.

Ana nan, sai malaminsu, Malam Shekarau, ya ce zai yi gwaji sau uku. Wanda ya faɗi duka zai maimaita aji. To, Tasalla tana da ƙani, Barau, yana aji biyu, ga shi da bakin tsiya. In ta maimaita, benci ɗaya za su zauna.

Ranar farko Malam ya ce, "Tasalla, bakwai sau takwas?"

Sai ta buɗe baki. Ba turmi, ba taɓarya, ba amsa. Har ƙuda ya leƙa ya fita.

A hanyar gida Barau ya ce, "Yaya, ki kama mini wuri kusa da taga."

Rana ta biyu sai ga Tasalla da taɓarya a kafaɗa.

Malam ya ce, "Ke, nan gidan suna ne?"

Ta ce, "Malam, da ita nake lissafi."

Ya ce, "Kai ta waje! Bakwai sau takwas?"

Sai ta tsaya leƙen taɓaryar ta ƙofa, har Malam ya wuce kan na gaba.

A hanya Barau ya ce, "Kada ki damu, Yaya, baɗi ni zan riƙa ba ki amsa." Wallahi ranar ta yi kuka har da majina.

Rana ta uku Malam ya ce, "Yau ce ta ƙarshe. Bakwai sau takwas?"

Sai ta ɗaga ido, sai ga Barau a taga yana mata gwalo. Sai haushi ya turnuƙe ta. Sai ta buga diddige a ƙasa, dum!

"Bakwai sau ɗaya bakwai!"

Ita kanta sai da ta firgita. Ta sake bugawa, dum! "Bakwai sau biyu sha huɗu!"

Malam ya ce, "Sau takwas na ce!"

Ta ce, "Malam, ina hanya!" Dum! "Bakwai sau uku ashirin da ɗaya!"

Sai 'yan mata suka kama tafi. Sai maza suka kama kiɗan benci. Sai ƙafar Malam ta fara rawa ba da izininsa ba, yana danne ta tana ƙwacewa. Hedimasta ya jiyo hayaniya, ya taho da bulala a fusace. Yana shigowa ana "Bakwai sau shida arba'in da biyu," sai ya saƙale bulalar a hammata don ya samu hannun tafi.

Dum! "Bakwai sau bakwai arba'in da tara!"

Dum! "Bakwai sau takwas hamsin da shida!"

Aji ya ɗauki sowa. Malam ya share gumi ya ce, "Kin wuce zuwa aji huɗu. Tsaya haka, kada ki fasa mana daɓe." Sai ya waiga taga. "Kai mai gwalo, shigo. Biyu sau uku?"

Barau ya ce a ransa ai ya ga yadda ake yi. Ya buga ƙafa, dum. Shiru. Ya buga ɗayar, dum. Shiru. Ya yi tsalle ya dire da duka biyun, har takalminsa ya tsinke. Ko ɗigon lissafi bai faɗo ba. Ina zai faɗo? Duk lokacin da ake daka ana bita, shi yana gefe da ludayi yana jiran fura.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Abin da ka maimaita a gida shi ke bin ka makaranta. Wanda bai yi bita ba, ko ya tona rami da diddige, ƙura kawai zai tayar. Nomau, na ga kana dariya. Uku sau huɗu?