Ɗanyen Shuɗi

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa da aka manta sunanta, kuma ina jin mutanenta ba su yi baƙin cikin mantuwar ba. Sarkin nan ya san komai. Ya san noma ko da yake bai taɓa riƙe fartanya ba, ya san ƙira, ya san magani, har ungozoma ma tana fargabar ranar da zai zo ya gyara mata aiki. Asalin wannan ilimi mai yawa ɗaya ne: tun da aka naɗa shi ba a sami mai ce masa ba haka ba ne.

Wata shekara ya gina sabon zauren fada, ya sa aka kirawo Jatau, mai zanen bango da babu kamarsa a birnin. Ya ce masa, "Shuɗi nake so, irin na sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Na ba ka kwana uku."

Jatau ya tafi da ubangidansa, wani tsoho mai suna Nomau, wanda ido ya fara gaza masa har ya koma niƙan launi kawai. Suka niƙa shuni, suka jiƙa farar ƙasa, suka dama da ruwan ƙaro don ya kama bango. Rana ta uku da hantsi Jatau ya gama shafe bangon gabas. Bai ko wanke hannu ba sai ga sarki da Waziri da fadawa.

Bango kuwa yana nan jiƙe, ya yi duhu kamar gindin tukunya.

Sarki ya ɗaure fuska. Da fadawa suka ga haka, su ma suka ɗaure tasu, har wani ya yi tsaki tun bai ƙarasa shigowa ba. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ba kuskure ba ne, raini ne. Ka ce sama, ya kawo maka hadari."

Sarki ya ce, "Hannun da ya dama wannan, a yanke shi kafin azahar."

Jatau ya durƙushe. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don hannun daman nan shi ne gonarsa, shi ne kasuwarsa, ba shi da wani abu bayansa.

Sai tsoho Nomau ya tashi daga bakin dutsen niƙa, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ya sarki, tun da iliminka ya kewaye kowace sana'a, ka taimaki jahili da amsar tambaya ɗaya. Mene ne yake ƙarya da hantsi, ya faɗi gaskiya da la'asar?"

Sarki ya waiwaya ya dubi Waziri.

Tsoho ya ce, "A'a, ya sarki, ba shi ba ne. Shi da la'asar ma bai sauya ba."

Sarki ya danne dariya, ya ce, "To, faɗi amsar."

"Amsar ba ta zuwa sai la'asar, ranka ya daɗe. Amma kafin nan ga roƙona. Yaron nan zai rasa hannu bai ga shuɗin da ya kasa ba. Ka dama mana na ƙwarai da hannunka mai albarka, ka shafa a allo, shi ma ya shafa nasa a wani. A shanya su a rana. Da la'asar ka zaɓi mummunan, a yanke hannun da ya dama shi."

Sarki ya ji daɗin wannan magana, don babu abin da yake so kamar koya wa mutum sana'ar da ya gada. Ya naɗe hannun riga, aka miƙo masa ƙwarya. Ya zuba shuni, ya yi ta antaya farar ƙasa har damun ya yi haske, ya zama sararin sama sak a cikin ƙwarya. Da aka miƙo ruwan ƙaro ya ture, ya ce ba ya son abu mai danƙo. Ya shafa a allo, aka buga hatiminsa a baya. Jatau ya shafa nasa baƙin damun a ɗaya allon.

Fadawa suka ɗauki kirari. Waziri ya rantse cewa ita kanta saman, in ta ga allon sarki, sai ta ji kunya. Dogarai suka kwashi allunan zuwa tsakar fada, suka tsaya gadi, kuma aka ɗaure Jatau kusa da su don ya samu ya ƙaru da ilimi.

Da aka sauko daga sallar la'asar sarki ya zauna, aka jingine alluna biyu a gabansa. Ɗaya shuɗi ne garau, mai sanyaya ido, kai ka ce yanzu aka ɗauke ruwa. Ɗayan ya koɗe ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, ya tsattsage, garinsa yana zuba a ƙasa.

Sarki bai ko yi wata-wata ba. Ya nuna koɗaɗɗen da sanda ya ce, "Ku duba abin kunya! Ɗazu baƙi, yanzu fari. Mai wannan hannu bai cancanci ya ci tuwo da shi ba. A zartar."

Waziri ya ce, "Ai ko makaho ya shafa ya san aikin jaki ne."

Tsoho Nomau ya matso a hankali, ya juya allon. Ga hatimin sarki ɓaro-ɓaro a bayansa.

Mai takobi ya dubi sarki, ya dubi hannun sarki, sa'an nan ya sami wani abu mai muhimmanci a ƙasa ya tsaya kallo.

Tsoho ya ce, "Ya sarki, ga amsarka ta iso. Ɗanyen launi ne maƙaryacin hantsi. Farar ƙasa tana ɓoye haskenta cikin ruwa, sai ta bushe take fito da shi. Mai dama launi ba ya dama abin da ido yake gani yanzu, yana dama abin da zai gani in rana ta yi aikinta. Ka leƙa zaure ka ga bangonka."

Sarki ya tashi ya leƙa. Bangon gabas ya bushe, ya zama sama. Kunya ta rufe shi, ya daɗe tsaye yana murza wuyan hannunsa na dama. Ya dawo ya kwance Jatau da kansa.

Waziri ya gyara murya ya ce shi dama tun da safe ya lura bangon yana da alamar kyau. Sarki ya ce, "Madalla. Sauran launin da na dama yana nan a ƙwarya, wanda ka ce sama za ta ji kunyarsa. A shafe ƙofar gidanka da shi, kada a taɓa gogewa."

Sa'an nan ya juya ga tsoho ya ce, "Me zan rubuta a kan bangon nan don in riƙa gani?"

Tsoho ya ce, "Kada ka ɓata masa aiki, ya sarki, ka rubuta a zuciyarka. Bango in ya ɓaci ana sake shafawa, hannu kuwa ba a sake dama shi. Mai adalci ba ya buga hatimi a kan hukunci sai ya bushe."