Kurege da Ramin Tura Kuɗi Ba Caji

Ga wata nan na ɗauko muku da zafinta, ku matso kusa!

A Dajin Marke akwai wani kogi, kuma akwai banki biyu: Bankin Tudu a wannan gaɓar, Bankin Fadama a waccan. In ka tura kuɗi daga asusu zuwa asusu a cikin banki ɗaya, kyauta ne. Amma in kuɗi za su haye kogi, sai Kada, manajan Bankin Tudu, ya gatsa musu haƙori ya ce caji ne. In kuɗin da yawa, gatsar ma da yawa.

A dajin nan akwai Kurege, ɗan mitsitsi, cikinsa kullum na kuka, asusunsa kuwa bai taɓa riƙe abin da ya wuce kuɗin ƙuli-ƙuli ba.

Wata safiya yana bakin kogi yana wanke ido, sai ya ji Dorina tana huci ita kaɗai. Kuɗinta na Fadama, tana so su dawo asusunta na Tudu ta sayi dawa, amma caji ya hana ta sukuni. Kurege ya haɗiye maganar ya wuce. Yana isa ƙofar Bankin Tudu, ga Ɓauna tana tona ƙasa da kofato. Ita kuma nata kuɗin na Tudu, tana so su koma asusunta na Fadama ta biya gonar rake. Da ta ambaci yawansu, sai ga shi daidai da na Dorina kamar an auna da mudu.

Kurege ya yi tsalle ya dire. "Gwaggo Ɓauna, me ya yi zafi? Ni ne Kurege, ƙaramin jiki babban kai! Ina da rami a ƙarƙashin kogi, ta nan kuɗi ke wucewa, ko ƙamshinsu Kada ba ya ji."

"Kai ɗan nan, da gaske?"

"Miƙo wayar. Kofato ba ya danna lamba. Ki kuma rufe ido, ramin ba ya son kallo."

Ɓauna ta runtse ido. Kurege ya danna ƙit ƙit ƙit, ya zuba kuɗinta cikin asusun Dorina na Tudu. Ya falla da gudu bakin kogi, ya sa Dorina ita ma ta rufe ido, ya zuba nata cikin asusun Ɓauna na Fadama. Ko sisi bai taɓa ruwa ba, ko sisi Kada bai gatsa ba. Wayoyi suka yi ƙara, manya suka yi guɗa. Ɓauna ta ba shi buhun gyaɗa, Dorina ta ba shi kwandon dankali, tukuicin da ya ninka cajin da suka guje wa. Kurege ya kwanta rigingine a kan buhu yana shure-shure don dariya.

"Ni ne ɗan tsirit mai juya manya! Sun gudu daga haƙorin Kada sun faɗo a nawa, suna godiya!"

Da gari ya waye, labari ya kai kunnen Kura. Ita kuwa ta daɗe tana tara kuɗi a Bankin Tudu don ta sayi rumfar fawa a kasuwar Fadama, kuma mai rumfar ya ce in kasuwa ta ci jibi bai ga kuɗi ba, zai sayar wa wani. Kurege ya tare ta a hanya yana murmushi.

"Yaya Kura, an ce kina neman rami."

Kura ta harare shi. "Kai? Ko busasshen ƙashi ba zan ba ka ajiya ba. In akwai mai ramin na gaskiya, ka turo min shi."

"Ai dama ni ɗan aike ne, Yaya. Alhaji Mai Rami na nan tafe daga birni."

Wannan karon babu mai kuɗin da za a yi musaya da shi, amma Kurege ya ji yawan kuɗin Kura, yawunsa ya tsinke. Ya zari babbar riga a igiyar shanya, ya ɗaura gwangwanin madara a ƙafafunsa don ya ƙara tsawo, ya maƙala tabarau. Wutsiyarsa kuwa, buzu-buzu da ita, ya jawo ta ta bayan wuya ya naɗe kansa da ita, ta zauna ɗas kamar rawani. Ya leƙa ruwa ya ga kansa, har ya rusuna ya gai da kansa.

Ya tarar da Kura a gindin tsamiya. Ya yi gyaran murya, ya kumbura wuya.

"Ke ce mai neman rumfa? Yi sauri, manya na jirana."

Kura ta zube. "Ranka ya daɗe, Alhaji. Nawa ne ladan?"

"Lada? A wurina? Ni da nake tura kuɗin giwaye! Miƙo wayar, rufe ido."

Ƙit ƙit ƙit. Kuɗin Kura kakaf suka faɗa asusun Kurege na Tudu. Alhaji ya ce ta je gida ta jira, ramin na da tsawo. Yana shan kwana ya tuɓe riga, ya yi alkafura sau ba adadi.

"Ni ne Kurege, mai kuɗin Dajin Marke! Yau mai tsire zai san sunana!"

Ya nufi wurin mai tsire, ya nuna wannan, ya nuna wancan, ya ce a zuba yaji da yawa. Ya zaro waya zai biya, sai ga saƙo: an rufe asusu, mai shi ya zo banki da kansa. Ashe Kada ya ga asusun ƙuli-ƙuli ya kumbura dare ɗaya kamar cikin kwaɗo, ya ce sai ya ji dalili. Mai tsire ya janye tsirensa. Ga kuma Kura tana ta bugo waya.

Kurege ya kumbura murya. "Hajiya, kwantar da hankali. Kuɗinki sun kai rabin rami, sun tsaya shan ruwa ne."

Da gari ya waye, Kurege ya zauna ya yi lissafi. In ya je a Kurege, wa zai yarda kuɗin nasa ne? In ya je a Alhaji kuwa, wa zai yi masa gardama? Ya mai da riga, ya hau gwangwani, ya naɗa wutsiya, ya shiga Bankin Tudu ƙwas ƙwas ƙwas.

Kada na kwance bayan tebur, ido ɗaya a buɗe.

"Manaja, wane mara kunya ya rufe min asusu?"

"Ranka ya daɗe, asusun Kurege ne."

"Yarona ne. Ni na zuba kuɗin, ni zan kwashe."

Kada ya buɗe ɗaya idon a hankali. "To madalla. Sai a ɗauki hoton Alhaji. Amma na'urarmu ba ta ɗaukar hoto da rawani."

Kurege ya dafe rawani. "Wannan rawanin ba a cire shi. Gadon kakanni ne. Mura nake yi ma. Kai, yau ma ba ranar hoto ba ce a wurina!"

Yana cikin wannan sai ƙofa ta buɗe bam. Kura ce, ta zo kai ƙara, don mai rumfa ya ce bai ga komai ba. Tana ganin Alhaji ta washe baki.

"Alhamdu lillahi, ga Alhaji da kansa! Rawani ne ya hana a sallame ka? Bari in taimaka, ranka ya daɗe."

"A'a, Hajiya, bar shi, bar—"

Kura ta kama bakin rawani ta ja. Rawani ya warware, ya miƙe, ya ƙi rabuwa da mai shi. Ta ƙara ja, sai ga Alhaji ya tashi sama gaba ɗaya. Riga ta zame, tabarau ya faɗi, gwangwanaye suka gangara ƙarƙashin tebur suna ƙara kamar ƙararrawa. Ga Kurege tsirara yana lilo a hannun Kura, kai ƙasa.

Ya ce, "Yaya Kura, ina kwana? Yanzun nan Alhaji ya fita."

Kura ta maka shi da tebur. Ta maka shi da bango. Kada ya miƙo jela ya ƙara masa ɗaya, ya ce wannan ta banki ce. Sannan ya juya ga Kura da fara'a, ya ce za a mai da mata kuɗinta, sai dai akwai cajin mayarwa, in kuma har yanzu tana son su haye kogi kafin kasuwa ta ci, akwai cajin hayewa.

Kura ta buɗe baki ta kurma ihu, ta kai wa Kurege cizo. Shi kuwa ya murɗe, ya bar mata gashin wutsiya cike da baki, ya bi ta tsakanin ƙafafunta, ya fice ta taga fit. Ya bi ƙaya, ya bi kunya, ya faɗa raminsa da ƙulu a goshi da ido ɗaya a kumbure.

Yana nishi sai waya ta yi ƙara. Banki ne: an cire ɗan kuɗin ƙuli-ƙulinsa, cajin saƙonnin da aka turo masa. Kurege ya duba, ya shafa guntuwar wutsiyarsa, sai ya fashe da dariya har haƙarƙari na masa zafi. Ya leƙo da kai bakin rami ya ɗaga murya yadda duk daji zai ji:

"Ni ne Kurege! Kura ta biya caji biyu! Ni kuwa dukan tsiya aka turo min, mai yawa, daga hannu zuwa baya, ko sisi ba a cire a kansa ba!"

Ya ji takun Kura na matsowa, ya mai da kai ciki da sauri.

Nan tatsuniya ta naɗe tabarmarta. Wanda ya ga ƙarya a ciki, ya je ya tambayi Kurege, in ya yarda ya fito.