Sunaye Sittin a Kundin Zuera

Zuera Issifu ita ce mace ta farko daga layinsu a unguwar Mamobi da ta shiga jami'a. Allah ya ba ta ƙwaƙwalwa, wannan ko mai ƙinta bai taɓa musawa ba. Sai dai tana da halaye biyu da suka zame mata ƙarfen ƙafa, ƙyuya da raina mutane. Karatun da wasu ke kwana uku suna fama da shi, ita duba ɗaya take yi masa ya zauna, saboda haka ta tashi tana ganin wahala rabon marasa basira ce. Tun da ta koma zama a makaranta kuwa, unguwar da aka haife ta ta fara yi mata wari. In ta zo hutu ta sauka daga motar haya, sai ta toshe hanci da hankici, ta wuce matan da suka goya ta tana jefa musu gaisuwa daga nesa.

A shekarar 1988 ta kai ajin ƙarshe. Dokar sashensu ita ce kowane ɗalibi ya yi binciken kansa, ya rubuta kundi, kafin a ba shi digiri. Wanda kundinsa ya fi na kowa akan ba shi lambar yabo, a kuma tura sunansa don ƙarin karatu a ƙasar waje. Malamar da ke duba aikin Zuera, Dakta Ofori, ita ta zaɓa mata batu: tsabtar abincin da mata ke sayarwa a bakin titi a Nima da Mamobi, unguwannin da ake kira Zango.

"Ke 'yar gida ce," in ji Dakta Ofori. "Ni in na shiga Zango da takarda a hannu, kowa zai kama bakinsa. Ki yi hira da mata sittin. Kowace takarda ki sa sunan mai magana, da wurin da take sana'a, da ranar da kika same ta. Abin da suka faɗa shi za ki rubuta, ba ƙari ba ragi."

Da aka yi dogon hutu a watan Agusta, Zuera ta fito da takalmi mai tsini da jakar takardu. Ta fara da Mma Awabu, aminiyar mahaifiyarta, wadda ta shekara talatin tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi kusa da kasuwar Mamobi. Abincinta ya yi suna har ma'aikatan ofis sukan zo da motoci daga cikin gari su bi layi. Zuera ta same ta tana zuba wa mutane a ganye, zufa na tsiyaya.

"Mma, tambayoyi nake da su na makaranta."

"Zuera 'yata, kin ga hannuna biyu duk a cikin aiki suke. Ki zo gobe bayan sallar asuba lokacin da nake ɗora tukunya. Ki ga inda nake ɗebo ruwa, ki ga yadda nake wanke kwano. Sai ki rubuta abin da idonki ya gani."

Wani direba da ke cikin layi ya ce, "Mma Awabu, ki yi hattara, tankas ce ta zo miki!" Tankas shi ne sunan da mutanen unguwa ke kiran dubagari. Aka kwashe da dariya. Dariyar wasa ce, amma Zuera ta ɗauke ta wulaƙanci. Ta daure ta yi hira da mata huɗu a ranar, hayaƙi ya shiga idonta, ƙafarta ta yi bororo. Washegari da asuba ba ta tashi ba.

Kwana biyu bayan haka ta rufe kanta a ɗaki da takardu hamsin da shida da alƙaluma uku masu launi dabam-dabam. Sunaye ba su yi mata wuya ba, domin tun tana yarinya ake aikenta wurin matan nan. Da fari amsoshi masu sauƙi take rubutawa. Can sai ta tuna cewa kundin da bai gano wani abin mamaki ba, ba ya cin lambar yabo. Daga nan alƙalami ya ƙwace mata. Ta rubuta cewa mata arba'in da ɗaya sun amsa da bakinsu cewa in famfo ya ɗauke, da ruwan babbar kwata suke wanke kwanuka. Ta rubuta cewa Mma Awabu takan ɗumama naman da ya kwana uku ta sayar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yayanta Imurana, wanda ke gyaran mota a Abossey Okai, ya leƙo ɗakin. Ya ɗauki takarda ɗaya ya karanta a hankali, yana bi da yatsa.

"Yaushe kika je wurin Mma Awabu ta faɗa miki wannan?"

"Bra Imurana, ajiye. Ba abin da ya shafe ka ba ne."

"Kin ɗora wa mutane maganar da ba su yi ba, kin kuma sa sunansu a ƙasa. Zuera, ki ji tsoron Allah."

"Wa zai karanta? Malama ta duba, ta ba da maki, a kai shi laburare, gara ta cinye. Kai dai ka san ƙarfe, ka bar mini takarda."

Imurana ya ajiye takardar. Ya ce, "Ni in na bar ƙusa ɗaya ban ɗaure ba, mota ba ta faɗuwa a gareji. Sai ta ɗauki mutane tukuna." Ya fita.

Zuera ta miƙa kundinta a watan Afrilu. Dakta Ofori ta karanta ta girgiza kai don mamaki, ba ta yi shakka ba ko kaɗan, domin ga sunaye, ga wurare, ga ranaku. A watan Mayu aka yi ranar baje binciken ɗalibai. Zuera ta tsaya gaban zauren da ya cika, ta yi bayani da Turanci mai daɗi, aka yi ta tafi. Ita ta zo ta ɗaya.

Ana watsewa wani mutum mai farar riga da tabarau ya tare su a bakin ƙofa. Ya ce shi jami'in lafiya ne na birni, yana son kwafin kundin duka, har da jerin sunayen da ke baya. A gefensa akwai wani ɗan jarida yana rubutu a ƙaramin littafi. Dakta Ofori ta juya ta dubi Zuera da murna. "Kin gani? Aikinki zai amfani jama'a. Kin yarda a ba shi?"

Zuera ta dubi mutumin. Kalma ɗaya ta isa ta hana. Amma lambar yabon tana hannunta, idanun mutane suna kanta. Ta yi murmushi ta ce, "Na yarda."

Bayan jarrabawar ƙarshe ta dawo gida jiran bikin yaye su. Mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, ba ta ji komai ba. Ta fara gaya wa kanta cewa mutumin ya jefa kundin a durowa ya manta. Duk da haka in ta ji ƙarar babbar mota a titi, sai cokali ya tsaya mata a hannu. Mahaifiyarta, Mma Barikisu, ba ta san komai ba. Ta saya musu atamfa iri ɗaya ta zuwa biki, tana bin gida-gida tana gayyata.

A mako na uku jarida ta fito da labarin a shafin farko, cewa binciken jami'a ya gano masu abinci a Nima da Mamobi suna wanke kwano da ruwan kwata. Ba a sa sunan kowa ba. Amma tun daga ranar motocin ma'aikata suka daina tsayawa. Da yamma Mma Awabu ta shigo gidansu da rabin tukunyar da ba ta sayu ba, ta raba wa maƙwabta.

"Wane mara imani ne ya yi mana wannan?" in ji ta. "Zuera, ke da kike can, ba ki san shi ba?"

"Ɗalibai suna da yawa, Mma," in ji Zuera, idonta a ƙasa.

Ranar Talata da hantsi hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen teku, iska ta tsaya cik. Zuera tana kan hanyar zuwa wurin tela da atamfarta, sai ta ga babbar mota ta tsaya a gaban rumfar Mma Awabu. Dubagari shida suka diro, da 'yan sanda biyu. Mai farar rigar nan yana gaba, kundinta a hannunsa. Ta tsaya daga nesa tana kallo.

Ya kira suna, "Awabu Imoro." Ba su saurari rantsuwarta ba. Mutum biyu suka ɗaga tukunyar shinkafa suka juye a kwata, suka bi da miya da nama. Suka kwashe tukwane da benci suka jefa a mota, suka shafa jan fenti a jikin rumfar. Mma Awabu ta zauna a ƙasa, ludayi a hannunta, tana kallon abincin yana bin ruwa.

Daga nan suka tsallaka titi zuwa rumfar tuwon zafi da kowa ke kira wurin Hajiya Zelia. Jama'a suka bi su, Zuera ma ta bi daga baya kamar ana janta. Asana, 'yar Hajiya Zelia, ita ce a bakin tukunya.

"Ina Zelia Osman?" in ji jami'in. "Ranar sha huɗu ga Agustan bara ta amsa da bakinta cewa da ruwan kwata take wanke kwano. Ga shi a rubuce."

Asana ta ajiye muciya. "Sake faɗin ranar."

"Sha huɗu ga Agusta."

"Uwata ta rasu a cikin azumin bara, wata huɗu kafin wannan ranar. Mutanen nan su suka kai ta makabarta. Wa ya yi hira da ita?"

Zuera ba ta taɓa jin rasuwar ba. Lokacin tana makaranta, da ta dawo kuma ba ta tambayi lafiyar kowa ba. Hayaƙi kawai ta hango yana tashi a rumfar daga nesa, ta rubuta sunan.

Jami'in ya juya bangon kundin, ya karanta da ƙarfi, "Zuera Issifu." Direban nan da ya taɓa yi mata wasa shi ya fara ganinta. Ya matsa gefe kawai. Sauran ma suka dare, har ya zama ba kowa tsakaninta da Asana. A lokacin ruwa ya fara saukowa. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya taɓa ta. Ta koma gida a jiƙe, idanu suna bin ta har ƙofa.

Kafin la'asar mata sun cika tsakar gidansu. Mma Barikisu ta shigo ɗaki ta same ta, ta yi tambaya ɗaya, "Ke kika rubuta?" Zuera ta gyaɗa kai. Uwar ta fita ta durƙusa a gaban ƙawayenta a cikin taɓo tana ba su haƙuri.

Matan suka haɗa wakilai, Imurana ya raka su jami'a, shi ya ba da shaidar abin da ya gani a ɗaki. Aka kafa kwamiti, aka kira Zuera, aka shimfiɗa takardu sittin a kan tebur. Huɗu kawai suka tabbata. Dakta Ofori ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na amince da ke don kin fito daga cikinsu." Kwana goma kafin bikin yaye ɗalibai aka karɓe lambar yabon, aka soke sunanta, aka kore ta ba digiri.

Jarida ta buga gyara a wani ɗan lungu na shafin ciki, inda ba kowa ke dubawa ba. An mayar wa mata tukwanensu, amma masu motoci ba su dawo ba. Mma Awabu ta gwada wata biyu, abinci yana kwana. Hawan jini ya kwantar da ita, da ta tashi kuma hannunta na dama ba ya iya riƙe ludayi. 'Ya'yanta suka yanke shawarar mayar da ita garinsu a arewa.

Ranar tafiyar Zuera ta bi ta har tashar mota a Tudu. Ta same ta zaune a kan ƙunshin kaya, ta durƙusa a gabanta cikin mutane.

"Mma, ki yafe mini."

Mma Awabu ta dube ta. Sannan ta ce, "Ranar da aka haife ki, ni na dafa abincin suna. Don wannan, da don Barikisu, na yafe miki nawa." Aka kira fasinjoji, 'yarta ta kama ta ta miƙe. Ta juyo ta ƙara da cewa, "Amma Zelia kin yi mata ƙarya tana kabari. Ita ban san inda za ki same ta ki roƙa ba."

Mota ta tashi, ta bar Zuera a durƙushe.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimi amana ne, kuma abin da mutum ya rubuta da sunan bincike shaida ce yake bayarwa a kan bayin Allah. Wanda ya guje wa wahalar neman gaskiya ya cike gurbin da ƙarya, ba shi kaɗai zai faɗa ramin ba, zai ja waɗanda ba su ji ba su gani ba. Ɗalibi ya rubuta abin da ya gani ko da kaɗan ne, ya saurari mai yi masa gargaɗi ko da bai kai shi karatu ba, kada kuma ya raina mutanen da ya fito daga cikinsu. Digiri ana iya sake nema, amma akwai haƙƙin da in an ɗauka, mai shi ya riga ya yi nisan da ba a iya cim masa a nemi gafara.