Faifan Ilaitia

A wani ƙauye da ke bakin teku a tsibirin Kadavu na ƙasar Fiji, an yi wani mutum mai suna Sakiusa. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Aibinsa guda ɗaya ne: ba ya iya ganin abu ya ƙyale shi. In ya ga tabarma ta karkace sai ya miƙe ta, in ya ga tukunya a kan wuta sai ya buɗe, ko da mai girkin tana tsaye. Shekara goma sha biyu ya yi yana aikin lambu a wani otal a birnin Nadi, yana datse furanni yana feshin ƙwari. Daga can ya taho da imani guda da ba mai iya cire masa shi daga ka, wato duk abin da ya ciji shuka maƙiyinta ne.

Mahaifinsa Ilaitia kuwa mutum ne mai sanyin hali. Shekara ashirin da suka wuce, wata guguwa ta farfasa tudun murjanin da ke gaban ƙauyen, wato dutsen nan mai rai da ke tsirowa a ƙarƙashin teku. Da ruwa ya lafa, Ilaitia ya tsinci wani reshen murjani da bai wuce tafin hannu ba, da sauran rai a jikinsa. Ya cusa shi a tsagar dutse, ya tokare shi. Reshen ya kama, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har ya zama shimfiɗaɗɗen abu mai faɗin da mutum ba zai iya rungumewa ba. Mutanen gari suka sa masa suna faifan Ilaitia. Duk ranar da ruwa ya janye, shi da matarsa Unaisi sukan fita tare a kwalekwale. Ita ta tsinci ƙumba, shi ya sa gilashin nutso ya leƙa faifansa. Ba abin da yake yi masa sai kallo.

Da Ilaitia ya rasu, dangi suka yi abin da aka saba. Aka kafa sanda a kan tudun murjanin, aka ɗaura mata ganyen kwakwa, alamar an rufe wurin. Ba mai kama ko ƙaramin kifi sai an cika kwana ɗari. Unaisi ta sa baƙaƙen kaya, ita ma ba za ta taka ruwan teku ba sai ranar. Mai gari ya ba Sakiusa tsaron wurin, tunda ya bar aiki ya dawo gida, shi kaɗai aka yarda ya shiga ya duba.

Ranar da aka ba shi aikin, uwarsa ta kira shi gindin kwakwar ƙofar gida. Ta ce ba ta damu da yawan aladen da za a gasa ranar ɗari ba, ko tabarmin da za a tara.

"Abu ɗaya nake so," ta ce. "In na cire baƙin nan, ka kai ni in ga faifan babanka yadda ya bar shi."

Sakiusa ya ce, "Nana, yadda ya bar shi kawai? Sai ya fi haka kyau."

Nana shi ne abin da suke kiran uwa. Ita dai ta dube shi kawai, don ta san ɗanta.

Fitarsa ta farko ya tarar da faifan lafiya lau, launinsa ruwan ƙasa mai haske, bakin rassansa shuɗi-shuɗi. Amma ya ga abin da ya ɓata masa rai. Wasu kifaye biyu ne, irin waɗanda ake kira tivitivi, faɗinsu kamar ganyen mangwaro, sirara ƙwarai, jikinsu ruwan ɗorawa da zane-zane, da baƙin layi da ya ratsa ta kan ido. Tare suke tafiya, ɗaya na gaba ɗaya na biye. Su sauka a kan faifan su ɗan tsattsaga da ɗan bakinsu, su tashi, su sauka a wani gefen su sake tsattsaga. Murjani ai ba dutse ba ne zalla, wasu 'yan halittu masu laushi ne ke zaune a ƙananan ramukansa, kuma su ne abincin wannan kifi. Sakiusa ya tsaya yana ƙirga cizo har ya gaji. Ya fito ransa a jagule.

Da ya faɗa wa uwarsa, sai ta yi murmushin da ba ta yi ba tun rasuwar. Ta ce ai waɗannan masu gidan ne, sun fi shekara biyar a wurin. Ta ce irinsu miji da mata suke zama, ba sa rabuwa, kuma kowane biyu suna da iyakarsu. Ba sa cin wuri ɗaya sau biyu a jere, sai su ɗauki kaɗan nan kaɗan can, kafin su zagayo wurin farko ya warke. In wani tivitivi baƙo ya matso, su biyun su taru su kore shi. Ta ce babansa yakan ce in ya leƙa ya gan su suna kai da kawowa, ya san faifan na lafiya, ba sai ya duba komai ba.

Sakiusa ya saurara da ladabi, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. A ransa ya ce tsofaffi ke nan, ɓarawo na ci su suna kiransa mai gadi.

Yana da taubashi mai suna Peniasi, ɗan kawunsa, wanda a can suke kira tavale, kuma tsakaninsu ba a jin kunyar baki. Suna zaune ana shan yangona da yamma, wato ruwan saiwar nan da ake zagayawa da shi a ƙoƙon kwakwa, Sakiusa ya kawo ƙarar kifayen. Peniasi ya yi dariya har ya kusa zubar da ƙoƙonsa.

"Tavale, kifin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da shi ba, shi ya hana ka sukuni? To ka je otal ka aro abin feshi mana, ka feshe teku."

"Kai dai ka san sha, ba ka san shuka ba."

"Na ji. Amma shekara ashirin tsohon nan bai ɗaga hannu ba, abin na girma. Kai kwana ashirin ka zo, har ka gano ciwon da bai gani ba. Ka bar su, ɗan birni."

Wannan "ɗan birni" ta tsaya wa Sakiusa a maƙogwaro. Washegari ya ɗauki 'yar komar hannu ya fita. Ya san an rufe wurin, amma ya lallashi kansa cewa wannan ba kamun kifi ba ne, tunda ba ci zai yi ba, gyara ne. Ya sha wuya kafin ya ritsa ɗaya, don tivitivi na shigewa tsagar da yatsa ba ya shiga. Ya fito da shi ya jefa a cikin kwalekwale, kifin ya ɗan yi tsalle-tsalle ya daina. Ɗayan ya ɓuya ƙarƙashin faifan, ya ƙi fitowa. Sakiusa ya ce ba laifi, baki ɗaya ya fi baki biyu sauƙi. Bai faɗa wa kowa ba.

Bayan kwana huɗu ya koma, ya tarar da tivitivi sun fi goma a kan faifan. Maƙwabta ne da da can ba sa iya matsowa. Wanda ya rage daga masu gidan yana ta bin su, in ya kori wannan wancan ya sauka. Shi kaɗai ba zai iya ba. A nan ne ya kamata Sakiusa ya tuna da maganar uwarsa, ya je ya faɗa mata gaskiya. Da ya bar abin haka, da cikin 'yan makonni kifayen sun sasanta iyakarsu da kansu. Amma mai gaggawa ba ya ganin kuskurensa, ƙarin aiki kawai yake gani. Ya ce ashe ɓarayin da yawa, maganinsu katanga.

Ya samo ragar waya mai ƙananan idanu, irin ta kejin 'yan tsaki. Yini biyu yana nutso yana ɗaurewa, har ya rufe faifan kamar an kifa masa kwando. Ragar ta ɗan gaza a gefe ɗaya, wani reshe ya leƙo waje, ya ce wannan ba komai, sadaka ce. Ya ja baya ya duba aikinsa, ya ji daɗi ƙwarai. Ko kifi ɗaya ba ya iya shiga.

Daga nan hidimar kwana ɗari ta ɗauke shi. Ga haƙar rogo da gwaza, ga neman alade, ga tafiya Suva, babban birnin ƙasar, gayyato dangi, inda ruwan sama ya tsare jirgi ya yi mako uku. Hankalinsa kwance yake, tunda a ganinsa ya kulle dukiya ya tafi. Duk lokacin da uwarsa ta tambaye shi faifan, sai ya ce ta bari kawai ta gani da idonta. In ta tambayi masu gidan, sai ya ce suna nan, ya kawar da kai.

Ranar ɗari ta zo da rana mai kyau. Aka yi addu'a a coci, Unaisi ta cire baƙi ta sa riga mai furanni. Mai gari ya cire sandar, maza suka ja taru, aka kama kifi mai yawa, ana ta murna. Ana shirin buɗe ramin da aka gasa aladen a ciki, Unaisi ta ce ita a fara kai ta wurin faifan. Sakiusa ya so ya riga ta zuwa ya cire ragar, amma ta riga ta zauna a kwalekwale da gilashin mijinta a hannu. Peniasi ne ya tuƙa su.

Sakiusa ya fara shiga ruwa. Da farko ma bai gane wurin ba. Gansakuka ta rufe ragar ruf, kore da baƙi, tana kaɗawa kamar tsumma. Ya kwance wayar, ya ɗaga. Laka ta tashi ta turnuƙe ruwan. Da ta kwanta sai ya ga faifan. Launinsa ya tafi, ya zama toka-toka, gashin gansakuka ya fito a kowane reshe. Ragar da ta hana tivitivi shiga ta hana sauran kifayen da ke kiwon gansakuka shiga su ma. Gansakukar ta tare haske, ta tsayar da gudun ruwa, lakar da ruwan sama ya koro daga tudu ta zauna ba mai share ta. Ya taɓa wani reshe, ya ji shi busasshe kamar tsohon ƙashi. Abin da aka raina shekara ashirin ya mutu a kwana sittin.

Ya ɗago kai daga ruwa. Peniasi, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya dubi ragar, ya dubi taubashinsa, ya yi shiru. Wannan shirun ya fi wa Sakiusa zafi da duk zagin da zai iya yi.

Unaisi ta sa gilashin, ta kama bakin kwalekwale, ta sunkuya fuskarta a ruwa. Ta daɗe. Can gefe, reshen nan da raga ba ta rufe ba yana nan da ransa, bakinsa shuɗi, bai wuce tafin hannu ba. A kansa akwai tivitivi guda ɗaya. Ya tsattsaga nan, ya tashi, ya zagaya, ya tsattsaga can. Wurin da ake ci kullum shi kaɗai ya rayu.

Ta ɗago, ruwa na zuba daga fuskarta. Ba ta yi zancen ragar ba, ba ta yi zancen faifan ba.

"Ina ɗayan?" ta ce.

Sakiusa ya sunkuyar da kai ya faɗa mata komai, har kwalekwalen da kifin ya mutu a ciki, wanda suke zaune a cikinsa yanzu. Ya ce shi kyau ya so ya ƙara wa abin babansa.

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa ban ce ka gyara ba. Cewa na yi yadda ya bar shi." Ta sake duban ruwan. "Kwana ɗari ina zaune ni kaɗai, ina cewa ko ba komai su biyu suna can tare."

Sakiusa ya yi kuka kamar yaro, a gaban taubashinsa, bai ji kunya ba.

Washegari ya ɗauki saiwar yangona ya je gaban mai gari da dattawa, ya zauna a ƙasa ya nemi gafarar keta dokar rufe wurin da ya yi. Aka karɓa, don mutanen wurin ba sa mayar da mai tuba. Amma gafara ba ta ta da murjani. Da ya tambayi uwarsa abin da zai yi wa reshen da ya rage, ta miƙa masa gilashin babansa, ta ce ya riƙa zuwa yana kallo, hannunsa a bayansa. Ya tambaye ta shekara nawa kafin ya koma yadda yake. Ta ce ashirin, kuma ita ba za ta gani ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba kowane abu da ido ya ga kamar ɓarna ne ɓarna ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta isa ta hana mutum yin ta'adi. Idan aka ba ka amanar abin da ya daɗe yana tafiya lafiya kafin zuwanka, ka fara tambayar waɗanda suka zauna da shi, ka kuma yi haƙurin kallo kafin ka sa hannu. In ka yi kuskure na farko, ka tsaya ka faɗa, kada ka rufe shi da na biyu. Abin da haƙurin wani ya gina a shekaru, gaggawarka na iya rushe shi a 'yan kwanaki, kuma sau da yawa wanda zai fi jin zafin ba kai ba ne, wanda ya yarda da kai ne.